Ɗaki mai kallon teku ko cin kifi na ƙasaita? Neman shawara kan Iskandariya

Abban_Khadija:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Masar. In Allah ya kai mu tsakiyar Nuwamba zan mayar da uwargida Alkahira ganin likita, saboda aikin gwiwa da aka yi mata bara. An ce mana bayan ɗaukar hoto da gwajin jini za mu jira kwana huɗu kafin mu koma. Wancan zuwan a ɗaki muka cinye kwanakin jira, kuma har yau abin yana ci mini rai. Shekararmu 19 da aure, ba ta taɓa ganin teku ba, ko Legas ba ta taɓa takawa ba. Shi ya sa na ƙudura mu hau jirgin ƙasa mu tafi Iskandariya.

Ga inda gizo ke saƙar. Abin da zai rage a hannuna bayan kuɗin asibiti ba zai tauna taura biyu ba. Ko dai mu kama ɗaki a babban otal mai baranda tana fuskantar Bahar Rum, mu riƙa cin abin da ya samu a gari, ko kuma mu sauka a matsakaicin masauki cikin unguwa, kuɗin ya tafi manyan gidajen abincin da ake ba da labarin kifinsu. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini gaskiya, wanne ne mutum zai dawo gida yana tunawa?

BaAzhare_Kano:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Shekarata ta shida ke nan a Masar, kuma duk hutu sai na leƙa Iskandariya. Ka kama ɗakin. Dalilina shi ne a garin nan kifi mai daɗi ba a manyan otal yake ba. Yana unguwar Bahari da Anfushi, can wajen ganuwar Ƙaitbay inda masunta suke ɗaure jiragensu. Gidajen kifi irin su Kadura a nan suke, kuma har masu kuɗin Alkahira nan suke zuwa su zauna kafaɗa da kafaɗa da kowa. Karin kumallo kuwa, ka je wurin Muhammad Ahmad kusa da tashar Raml, wake da ƙosansu na falafel, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ka ga ke nan ciki ba shi ne zai cinye maka kuɗi ba.

Sai dai ka lura da abu ɗaya. Titin bakin teku da suke kira Kurnish ya miƙe tun daga Ƙaitbay har Muntaza, kuma yawancin otal-otal ɗin suna tsallaken titin ne, ba a bakin ruwa ba. Idan suka ce maka ɗaki yana kallon teku, ka tambaya gaba da gaba ne ko ta gefe. Akwai ɗakin da sai ka leƙo da kai ta taga kafin ka hango ruwan.

Maman_Walid:
Ina bayan BaAzhare ɗari bisa ɗari, musamman tunda ka ce gwiwa ce. Yaya, ka san tsallaka Kurnish ɗin nan ba wasa ba ne? Titi ne mai faɗi, motoci ba sa tsayawa, hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da aka yi wa masu tafiya da ƙafa kuma duk matakala ce. Da muka je da mahaifiyata, a cikin unguwa muka sauka don rangwame. Kwana uku muka yi, sau ɗaya tak ta kai bakin ruwa, shi ma da ƙyar muka dawo da ita. Da baranda muka samu da ta wuni tana kallo tana jan carbinta. Har yanzu ina da-na-sanin wannan tsimin da na yi.

Ka duba wajen Muntaza. Otal ɗin Falasɗin da ke cikin lambun fadar yana kan ruwa ne kai tsaye, babu titi tsakaninku. A 1964 aka gina shi don saukar shugabannin Larabawa da suka zo taro. Wurin shiru, ga itatuwan dabino, ga fadar sarakunan da tana kusa. Illarsa kawai nisa da tsakiyar gari.

KukuNaAbuja:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda ba. Girki sana'ata ce, shekara 14 ina cikin kicin na otal. Teku kyauta Allah ya yi shi, duk wanda ya zauna a kan dakalin Kurnish zai kalle shi har ya gaji. Amma hannun gwanin kuku ba a samunsa a bakin titi. Alhaji, Hajiya shekara 19 tana dafa maka. Ka kai ta inda za a ja mata kujera, a shimfiɗa farin ƙyalle, a kawo mata abinci kala-kala ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ɗaga ko cokali ba. Kuma yawancin irin waɗannan wurare su ma suna kallon ruwa. Gidan abincin kulob ɗin Girkawa da ke gefen Ƙaitbay, daga samansa kana ganin tashar jiragen masunta gaba ɗaya. Ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ɗaki kuwa barci za ku yi a ciki, ido a rufe.

Maman_Walid:
Malam Kuku, mai ciwon gwiwa ba barci kaɗai take yi a ɗaki ba. Rabin wuninta a nan take yi.

Bakatsine77:
Ni tambayata, me ya sa sai Iskandariya? Da kuɗin babban otal ɗaya a can, ka je Antaliya ta Turkiyya ka samu duka biyun. A can tsarinsu kuɗi ɗaya za ka biya, ɗaki da ci da sha safe, rana, dare duk a ciki. Otal-otal ɗin Lara da Belek a kan rairayi suke, ka fito daga ɗaki ka taka ruwa. A Belek ɗin ma aka yi taron manyan ƙasashe ashirin a 2015. Ruwan can ya fi na Iskandariya tsabta nesa ba kusa ba.

BaAzhare_Kano:
Bakatsine, ka sake karanta abin da Alhaji ya rubuta. Kwana huɗu gare shi tsakanin ganin likita biyu. Turkiyya sai da wata bizar, sai da wani tikitin jirgin sama, sannan ya tabbatar bizarsa ta Masar ta ba shi damar fita ya sake shigowa. Iskandariya kuwa kilomita 220 ce ko kusa da haka daga Alkahira. Ka hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis, cikin awa biyu da rabi zuwa uku kana tashar Sidi Gabir ta Iskandariya.

Uwar_Biyu:
Gaskiyar BaAzhare ce kan biza, amma bari in ɗan ce wani abu kan Antaliya don amfanin wasu. Mun je da maigida da yara shekara biyu da suka wuce, wajen Alanya muka sauka, a irin otal ɗin da ba a sayar da giya. Abin da ba zan manta ba shi ne wurin ninkaya na mata zalla, an kewaye shi, ma'aikatan duka mata, har waya ake karɓa a ƙofa don kada a ɗauki hoton kowa. Ranar na fara shiga ruwa tun ina yarinya a rafin garinmu. Na yi kuka a cikin ruwan nan, wallahi.

Amma abincin, a nan zan goyi bayan Kuku. Ranar farko ido ya ƙoshi, tebur ya fi ashirin, kowa ya ɗebi son ransa. Zuwa rana ta uku komai ɗanɗanonsa ɗaya. Girkin mutum dubu ba ya zama kamar girkin mutum goma. Abincin da na fi tunawa a tafiyar duka ba a otal na ci shi ba. A tsohon garin Antaliya ne, Kale'ici, bayan mun wuce ƙofar Hadiriyan, wani ɗan ƙaramin shago ya ba mu ƙwallayen nama gasassu da kwaɗon farin wake da aka haɗa da markaɗaɗɗen riɗi, suna ce masa piyaz. Sai da ya tuna mini kwaɗon zogale na gida.

Don haka Abban Khadija, a ganina ɗaki daban, abinci daban. Kada ka biya kuɗin cin rana da dare a otal. Karin safe ya isa.

DanDamagaram:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan Nijar mutanenmu Tunusiya suka fi zuwa neman magani, to ni can na sani. Na raka yayana Tunis, bayan an sallame shi daga kilinik muka yi kwana biyar a Hammamet. Shawarar da zan ba ka Elhaji daga abin da na gani: maras lafiya ba ya cin abinci da yawa. Na kai yayana wani babban gidan abinci a La Gulet, inda suka shahara da kifi, aka kawo masa kifi guda cur da soyayyen dankali da ƙwai da tumatir, loma huɗu ya yi ya ture. Amma kullum bayan sallar asuba sai ya ja kujera baranda ya zauna har rana ta fito. Ya ce ƙarar ruwan tana sa shi manta ciwon. Da muka hau Sidi Bu Sa'id, garin nan mai fararen gidaje da shuɗɗan ƙofofi a kan tudu, shayi kawai ya sha mai 'ya'yan itace a ciki, ya zauna awa biyu yana kallon ruwa bai ce uffan ba.

Sai dai in za a yi maganar girki, kuskus ɗinsu na kifi da yajin harisa, ban ci kamarsa ba ko'ina. Mu da muka saba da dambu, nan da nan bakinmu ya karɓe shi.

YarGobir:
Don Allah ku gafarce ni zan ɗan kauce. Duk hotunan abincin bakin teku da nake gani cike suke da jatan lande da ƙaguwa da wasu halittu masu hannuwa barkatai. Shin duk sun halatta? Ni ko kallonsu tsigar jikina tashi take. In Hajiyar irina ce, kuɗin babban gidan abinci asara za su zama.

Malam_Na_Zaure:
'Yar Gobir, tambayarki tana kan hanya. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a cikin teku halal ne, kifi ne ko ba kifi ba, kuma ba ya buƙatar yanka. Hujjar tana cikin Suratul Ma'ida aya ta 96, inda Allah ya halatta mana farautar teku da abincinsa, da kuma hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. To jatan lande da ƙaguwa babu laifi. Amma halal daban, son rai daban. Wanda ransa bai karɓa ba, babu wanda ya tilasta masa.

Dalibin_Girne:
Allah ya gafarta Malam, ƙarin bayani kaɗan. Ni a arewacin tsibirin Saifrus nake karatu, cikin Turkawa, su kuma Hanafiyya ne. A wurin malamansu kifi kaɗai ya halatta daga teku, shi ya sa abokina mai riƙo da addini ba ya taɓa ƙaguwa ko kaɗan, duk da cewa a titi ana sayar da irin waɗannan kaya kamar gyaɗa. Na faɗa ne don kada wani ya je Turkiyya ya ji an ce masa haramun ya rikice.

Sannan gargaɗi ga mai sha'awar zuwa nan garin Girne da nake: yawancin manyan otal-otal na bakin ruwa gidajen caca ne a ƙasansu. Ɗakin yana da kyau, ruwan garau, amma mai iyali ya bincika kafin ya biya.

Malam_Na_Zaure:
Haka ne ɗana, ka yi daidai. Saɓanin sananne ne. Allah ya yi wa karatu albarka.

KukuNaAbuja:
Tunda an shigo maganar halal, abin da ya kamata ku ji tsoro ba ƙaguwa ba ce, giya ce a cikin miya. Girkin Faransa da Italiya da ake koya mana, da yawa ana zuba farar giya a romon kifi da shinkafarsu ta risoto, wasu kayan zaƙin ma da ita ake jiƙa su. Kada wani ya ce muku wuta tana ƙone ta duka, ba ta ƙonewa duka. A babban otal, ko a ƙasar Musulmi ne, in gidan abincin na Turawa ne ka buɗe baki ka tambaya. Kuku na gari ba ya jin haushin tambaya, zai yi maka naka daban.

Amma bari in kare sana'ata, don na ga ana ɗaukar babban girki kamar almubazzaranci. A garin Manton na Faransa, dab da iyakar Italiya, akwai gidan abinci mai suna Mirazur, na wani kuku ɗan Ajantina, Mauro Colagreco. A 2019 ya samu tauraro uku na Michelin, wato matsayi mafi girma a littafin da ke auna gidajen abinci, kuma a shekarar aka zaɓe shi na ɗaya a duniya. Me yake dafawa? Ganyen lambunsa da ke bayan gidan, lemon tsamin garin, da kifin da masunta suka kamo. Abin da ake biya shi ne sanin yadda za a taɓa abu ba a kashe masa ɗanɗano ba. Haka miyar kifin garin Marsai na Faransa da ake kira buyabes, asalinta abincin masunta ce, da kifin da ya yi kwantai suke yin ta. Yau ta zama abincin manya, har a 1980 masu gidajen abincin garin suka rubuta ƙa'idar irin kifin da dole a sa a ciki. Sayadiyya ta Iskandariya ma sunanta ya nuna, abincin masunci ce: a soya albasa har ta yi duhu, a dafa shinkafa a romonta, a ɗora kifi. Gwani ya yi maka ita, ka ci ta wani wuri, za ka san akwai bambanci.

BaAzhare_Kano:
To ai Malam Kuku ka dawo kan maganata. In asalin abincin na masunta ne, a je unguwar masunta a ci.

KukuNaAbuja:
A'a ɗalibi, ba haka nake nufi ba. A unguwar masunta za ka samu sabon kifi, gaskiya ne. Amma hayaniya, hayaƙi, kujerar roba, a yi ta tura ka don wani ya zauna. Ina magana ne kan dare ɗaya da mace za ta ji an karrama ta.

Alhaji_Kwari:
Ni ɗan kasuwa ne, lissafi zan kawo. Na je Iskandariya sau uku harkar kaya. Zuwan farko wani direban tasi ya kai ni wani gidan kifi mai kyan gani a bakin Kurnish, ba zan kama suna ba. Na nuna kifi biyu da jatan lande, ban tambayi farashi ba don kada a ce baƙo ya cika ƙwauro. Kafin kifi ya iso an cika tebur da ƙananan faranti sun kai goma, na ɗauka kyauta ce. Da takardar kuɗi ta zo sai da na cire hula. Kowane faranti da kuɗinsa, kuɗin gashi daban, sannan aka ɗora kashi 12 cikin ɗari na hidima da kashi 14 na haraji a kai. Daga baya na gane direban ma yana da nasa kason. Baƙo ko da ido makaho ne.

Don haka duk wanda ka zaɓa, ka sa wannan kusan kashi ɗaya bisa huɗun a lissafinka. Otal ma haka, ka tambaya farashin da suka faɗa da haraji a ciki ko babu.

BaAzhare_Kano:
Alhaji Kwari ya taɓo inda ke yi wa baƙi ciwo. Abban Khadija, ga yadda ake yi. Kana shiga za ka ga kifi a jere kan ƙanƙara. Kai za ka zaɓa, a auna a sikeli a gabanka, farashi da kilo ne. Ka tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora, ka tambaya ko da kuɗin dafawa a ciki. Ka duba idon kifin ya zama garau, ka ɗaga kumatunsa ka ga ja. Faranti da ba ka so, ka ce a ɗauke tun kafin ka taɓa.

Sunayen da za ka ji: denis da ƙarus su ne masu farin nama marasa ƙaya da yawa, su zan ba Hajiya shawara. Buri yana da maiƙo, shi ake birkiɗawa a dusa a gasa a kan wuta har bayansa ya yi baƙi, a ɓare a ci cikin. Barbuni ƙanana ne jajaye, soyawa ake yi. Bulɗi shi ne ƙarfasarmu ta gida, kada ka je har teku ka ci ƙarfasa. Jatan lande gambari suke ce masa. In kana son abin da ba za ka samu a Kano ba, ka ce a yi maka singari: a tsaga kifin a buɗe shi kamar littafi, a zuba tumatir, albasa, tattasai, tafarnuwa da lemon tsami, a sa a tanda.

Abu na ƙarshe, Masar ce kan gaba a Afirka wajen kiwon kifi, don haka da yawan denis da burin da za ka gani na gona ne, ba na teku ba. Ka tambaya. Na teku ya fi tsada kuma ya fi daɗi. In wani ya yi maka tayin fasikh, ruɓaɓɓen kifin gishirin da suke ci lokacin bikin Shammun Nasim, kada Hajiya ta kusance shi. Hukumar lafiyarsu da kanta tana gargaɗi a kansa duk shekara.

Tsohon_Direba_Agadas:
Ku yi mini afuwa, tun ɗazu nake karantawa na kasa yin shiru. Ni idan aka ce Bahar Rum ba otal ne ke zuwa mini a rai ba. Na yi shekaru ina tuƙi a hanyar Agadas zuwa Dirku, na ga samarin da suka wuce Libiya don su tsallaka wannan ruwan. Ɗan ƙanwata yana cikinsu, tun da ya kira daga gaɓar Libiya ya ce gobe za su hau, ba mu sake jin muryarsa ba. Jirgi ɗaya da ya nutse kusa da tsibirin Lamfedusa na Italiya a Oktoban 2013 ya ci mutum sama da 360. Ba ina hana kowa jin daɗi ba ne, Elhaji ka kai iyalinka, halal ɗinka ne. Roƙona kawai, in kun tsaya a gaban ruwan nan ku yi wa yaranmu addu'a.

Abban_Khadija:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, Allah ya jiƙansa in ya rasu, in yana raye Allah ya bayyana shi. Na yi maka alkawari za mu yi, ni da ita.

Malam_Na_Zaure:
Amin. Kuma Alhaji, wurin yin addu'ar yana nan kusa da inda ake ta kwatanta maka. A Anfushi masallacin Abul Abbas al-Mursi yake, kuma a gefensa akwai masallaci da kabarin Imam Busiri, mai Burda da muka taso muna ji a zaurukanmu da wuraren Mauludi. Daga harabar kana shaƙar iskar teku. Ku yi la'asar a can, sannan ku gangara cin kifin. Ganuwar Ƙaitbay ma tana nan gaba kaɗan, wadda aka gina wajen 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Amma matakalarta da yawa, Hajiya ta tsaya daga waje.

Injiniya_Zazzau:
Akwai abin da ban ga kowa ya ambata ba: lokaci. Alhaji ya ce tsakiyar Nuwamba. Iskandariya ba kamar Alkahira ba ce, tana samun ruwan sama da guguwar hunturu da mutanen garin ke kira nawwa, kowace da sunanta da lokacinta. Akwai wadda suke ce wa maknasa, wato tsintsiya, kuma wajen tsakiyar Nuwamba take zuwa. Idan ta taso, raƙuman ruwa har kan Kurnish suke watsowa. A Oktoban 2015 ruwa ya mamaye titunan garin har gwamna ya ajiye aiki. Ba kullum take tsanani ba, amma ka shirya. Amfanin lokacin shi ne babu cunkoson Yuli da Agusta, kuma ɗakuna sun fi sauƙi, kana iya neman ragi.

Maman_Walid:
To kun gani. In ana ruwa da iska, mai ɗaki a cikin unguwa bango zai kalla. Mai baranda kuwa ya rufe gilashi, ya riƙe kofin shayi, ya ga ikon Allah.

KukuNaAbuja:
Wannan kam na sallama miki rabi, Hajiya. In teku ya yi fushi masunta ba sa fita, kifin da ke kan ƙanƙara na jiya ne ko shekaranjiya. A irin ranar ni kaina ba zan biya kuɗi mai yawa don kifi ba, gara in ci hantar Iskandariya mai yaji a cikin burodi. Amma in gari ya yi kyau ina nan kan bakana.

Bakatsine77:
Ni dai har yanzu ban ga abin da zai sa a biya kuɗin babban otal ba a ga rairayi ba. In dai Masar ce dole, a wuce yamma wajen Alamain ko Marsa Matruh, can ne ruwa yake shuɗi.

BaAzhare_Kano:
A Nuwamba yawancin wuraren can a rufe suke ko babu kowa, na bazara ne. Matruh kuma kusan kilomita 300 ce daga Iskandariya. Ba tafiyar mai gwiwa ba ce.

Abban_Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na miƙa wa uwargida wayar ta karanta da kanta tun daga farko. Da ta zo kan labarin yayan Ɗan Damagaram sai ta yi shiru, ta ce ita abin da take so ke nan, ta idar da asuba ta ji ƙarar ruwa. Amma da ta karanta na Malam Kuku, wurin jan kujera da farin ƙyalle, sai ta yi murmushi ta ce wannan ma ba ta ƙi ba ko sau ɗaya ne. Jatan lande kuwa ta ce ita da 'Yar Gobir layinsu ɗaya.

Abin da nake tunani yanzu: kwana biyu a wurin da ke kan ruwa can Muntaza, kwana ɗaya a tsakiyar gari kusa da Raml, ko tsohon otal ɗin Cecil na 1929 da aka ce yana kallon tashar jiragen ruwa in kuɗi ya kai, don mu samu zuwa Anfushi da masallacin cikin sauƙi. Abin da ya ragu mu yi cin dare ɗaya na ƙasaita da shi. Ko kuna ganin na raba ƙafa da yawa?

Uwar_Biyu:
Ka raba, Yaya. Sauya masauki da akwatuna da mai ciwon ƙafa wahala ce, rabin wuni zai tafi a banza. Ku zauna wuri ɗaya, ku ɗauki mota zuwa Anfushi ku dawo.

Alhaji_Kwari:
Ni kuma ina ganin tsarinsa ya yi. Daga Muntaza zuwa Bahari tafiya ce mai tsawo in titi ya cushe, zuwa da dawowa sau biyu ya fi sauya ɗaki gajiyarwa. Sai dai kada ka bari direba ya zaɓa maka gidan kifi.

KukuNaAbuja:
In dare ɗaya ne, ka sa shi a daren da gari ya yi sanyin iska ba guguwa, kada ka ɗaure shi da kwanan wata. Ku je kafin magariba don ta ga jiragen masunta da sauran haske. Ka ce a yi mata ƙarus singari, kai ka ci sayadiyya, ku ɗanɗana na juna.

BaAzhare_Kano:
Tikitin jirgin ƙasa na baƙi farashinsa daban da na 'yan ƙasa, ku tafi da fasfo tashar. In Muntaza za ku fara, ku sauka a Sidi Gabir, kada ku bari sai tashar ƙarshe. Kuma Hajiya ta sa rigar sanyi mai kauri a jakar hannu, iskar baranda da asuba ba irin ta Alkahira ba ce.